Nagge Ta Rasu, Yagana Tana Yawo da Kayanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta rasa wani abu mai ɗaci kwance a ƙasanta ba, Alhaji Sajo dillalin shanu na unguwar Ngojin a garin Potiskum yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da dillalan Kasuwar Shanu, da mahauta, da direbobin tirela, har da waɗanda labarin zai yi wa daɗi, rasuwar motarsa kuma abokiyar tafiyarsa, farar Bajamushiya ƙirar alif ɗari tara da saba'in da uku, wadda gari ya sani da suna Nagge. Ta rasu ranar Asabar da hantsi a kan hanyar Nangere, a gefen wata gonar gero, bayan gajeriyar jinya da doguwar gardama. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhaji Sajo ya yarda cewa kowane mai rai mamaci ne, kuma ƙarfe ma yana da ranarsa. Bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya dai nemi a rubuta yadda abin ya faru daki-daki, da sunan kowa, domin jama'a su ɗora da kansu.

Marigayiya ta zo Potiskum ne tare da 'yar'uwarta, tagwaye, a hannun wasu Turawan kamfanin hanya. Da Turawan suka gama aiki suka tashi tafiya, sai suka sa motocin biyu a kasuwa rana guda. Sajo, lokacin yana saurayin dillali da sanda a kafaɗa, ya ɗauki farar. Ɗayar kuwa, mai kalar da har yau an rasa sunanta, wani ya ce ruwan ƙasa wani ya ce kunun kanwa, ta faɗa hannun Babakura mai fata, Babarbaren da gidansa ke layi na gaba. Babakura ya raɗa wa tasa Yagana. Sajo ya kira tasa Nagge, domin a wurin Bafulatani babu sunan da ya fi na saniya daraja. Kowa ya san Fulani da Barebari abokan wasa ne, kowa yana cewa shi ne ubangida ɗayan bawa, kuma ba a fushi. To waɗannan biyun sun ɗauki wasan kamar sana'a. Shekara arba'in da ɗoriya ba su taɓa gaisawa babu zagi ba, ba su kuma taɓa yini biyu ba su gaisa ba.

Nagge mota ce mai natsuwa da kawaici. Ba ta taɓa sa ubangidanta ya roƙi masu wucewa turi ba. Da safe idan aka murɗa makulli sai ta ce kir-kir-rimmm, sau ɗaya tak, ba ta maimaita magana, sannan ta kwantar da murya ta ci gaba da gurnani a hankali kamar saniya tana tuƙa. Ƙofarta idan aka rufe dum take cewa, ba kwaram irin na gwangwanayen yanzu ba. Ta ɗauki ɗan maraƙi a kujerar baya ba ta yi ƙorafi ba. Ta ɗauko ƙwaryar nono daga ruga har cikin gari ko ɗigo bai zuba ba, Hajiya Murjanatu uwargidan Alhaji tana raye, a tambaye ta. Ita ta kai Ardo mahaifin Alhaji asibiti a tafiyarsa ta ƙarshe, ita kuma ta dawo da shi gida, kuma waɗanda ke ciki sun ce ranar ko ramin hanya ba su ji ba. Ranar Laraba kuwa, ranar kasuwa, idan ta kutso kai ta ƙofar Kasuwar Shanu ta ce faam, har bajimai ɗaga kai suke yi. Tana da inuwarta a gindin wata tsamiya kusa da rumfar dillalai, babu mai ajiye ko keke a wurin. 'Yan Kudu masu sayen shanu sun sha taya ta. Alhaji yakan tambaye su cikin ladabi ko a garinsu ana sayar da 'yar'uwa.

Ita kuwa Yagana, wannan ba gulma ba ce, tarihi ne. Tun shekarun baya ta kwanta a gindin bishiyar maina da ke ƙofar gidan Babakura, aka yi magani aka gaji, aka bar wa Allah. Tayoyinta suka nutse a ƙasa, kaji suka mayar da kujerar baya akurki, ƙadangaru suka riƙe bonet. Duk safiyar duniya idan Alhaji Sajo zai wuce ta nan, ko da yake hanyarsa ba ta nan take ba, sai ya rage gudu ya danna hon sau biyu. Ya ce zumunci ne, ai ana duba mara lafiya.

Ciwon ajali ya fara ne da faɗuwar daminar bana. Marigayiya ta soma mutuwa a shataletale, abin da ba ta taɓa yi ba. Idan aka ɗaga ƙafa daga totur sai ta harba ta salansa, tau!, har wata rana ta watsa garken tumaki a bakin tasha. Aka kira Mala rewaya, mai gyaran wutar mota, wanda ke duba ta tun gemunsa yana baƙi. Mala ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ya isa ga wani ɗan baƙin akwati a bayan batir, bai kai gwangwanin kifi ba. Shi ne suwic ɗin gudun inji. Aikinsa kawai ya saurari inji: idan gudu ya hau ya gyara lokacin da wuta ke kama mai, idan ya sauka ya mayar. Shekara hamsin yana wannan saurare, kunnen ya mutu. Mala ya ce ba ya gyaruwa, sai dai a samo wani.

Nan aka shiga cigiya. Aka tambaya Damaturu, aka tambaya Maiduguri, aka tambaya Jos, kowa ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana ɗan koyo. Sai Hussain, ɗan Alhaji da ke zaune a Kano, ya ci karo da shi a Ƙofar Ruwa, a ƙasan wata tsohuwar durom a shagon wani dattijo, sabo fil, cikin kwalinsa, naɗe da takarda mai maiƙo. Dattijon ya rantse babu na biyunsa. Wani direban tirela ya kawo shi Potiskum ranar jajiberin Cika-ciki. Mala ya ce yana azumi, a bari sai jibi a ɗaura. Wannan jibin, jama'a, ita ce ta kashe Nagge.

Domin Alhaji ya kasa ɓoye farin cikinsa. Ranar Cika-ciki da la'asar ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ajiye kwalin a gefensa, duk wanda ya shigo sai ya buɗe masa takardar a hankali ya nuna masa kamar ana nuna jariri. Ya manta, ko kuma bai manta ba ya raina, cewa ranar ce abokan wasa ke karɓar shara. Shi da Babakura kuma suna da tasu dokar da suka ɗora a kan al'adar tun suna samari. Kowa zai shiga gidan ɗan'uwansa ya ɗauki abu guda da idonsa ya so, ba a hanawa, ba a ɓata rai. Mai kaya idan yana son abinsa sai ya taka har zauren wanda ya ɗauka, ya ce a gaban mutane, "Ni bawanka ne," a miƙa masa. Babakura ba shi da kunyar wannan. Duk shekara yakan zo ya faɗa yana dariya, ya karɓi butarsa ko takalminsa, har ya nemi a ba shi fura. Alhaji Sajo kuwa, ɗan Ardo, bai taɓa faɗa ba ko sau ɗaya. Hulunansa sun tafi, sandunansa sun tafi, har da wata rediyo mai kama tashoshin waje, bai bi ko ɗaya ba. A kasuwa ana ba da labarin wannan, shi kuma yana jin daɗin ana bayarwa.

Ranar ma ya shirya. Ya sa wata tsohuwar hula da ya riga ya yafe. Babakura ya yi sallama, zaure cike da dillalai.

"Fulata, na zo karɓar sharata."

"Ga hula nan, bawa. Ɗauki ka rufe sanƙonka."

Babakura ya dubi hular, ya dubi tabarma. "Hulunanka sun cika mini adaka, kuma duk warin man shanu suke yi. Bana wannan ɗan kwalin nake so." Ya sunkuya ya ɗauka, ya jefa a aljihun babbar riga.

Waɗanda ke wurin sun ce fuskar Alhaji ba ta motsa ba, sai dai carbinsa ya tsaya. Ido goma sha wani abu yana kansa. Ya yi murmushi irin na Fulani, wanda ba ya kaiwa ido, ya ce, "Ɗauka mana. Ubangida ba ya duba abin da bawansa ya tsinta."

"Zaurena a buɗe yake," in ji Babakura daga bakin ƙofa. "Ka zo ka faɗi 'yar maganar nan ka ɗauki kayanka. Har shayi zan dafa maka."

Hajiya Murjanatu ta yi iya ƙoƙarinta, Allah Ya saka mata. "Alhaji, magana ce fa. Ba ta yanka nama, ba ta fasa ƙashi. Ka je ka faɗa ka dawo, gobe kowa ya manta." Alhaji ya ce Potiskum ba ta mantuwa, kuma Ardo yana kabari amma ba kurma ba ne. Adalci ya sa dole a rubuta a nan, ko da yake Alhaji ya so a tsallake, cewa Babakura ya aiko har sau biyu. A aike na biyu ma ya sauko, ya ce ya yarda a faɗa masa a kunne, Mala kaɗai ya zama shaida. Alhaji ya mayar da amsa cewa kunnen Babarbare ya fi lasifikar masallaci.

Da Babakura ya ga mako ya zagayo babu mai zuwa, sai ya ce to tunda ubangida ya yi kyauta, raina kyauta ba kyau. Ya kira Mala. Mala ɗin nan dai, wanda ya ci tuwon gidan Alhaji Sajo ya fi a ƙirga, kuma kada a manta, sunan nasa ma na Barebari ne. Aka kori kaji, aka wanke kafireto, aka sa batir da tayoyi, aka ɗaura ɗan akwatin da Hussain ya sha rana yana nema. Ashe ciwon da ya kwantar da Yagana tun farko shi ne wannan, ba a gano ba. Aka murɗa makulli. Gawar da ƙadangaru suka gada ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi.

Kai jama'a, duniya ba ta da kunya. Larabar da ta biyo baya Alhaji Sajo ya je kasuwa a Keke Napep, ya sa aka sauke shi nesa da ƙofa ya ƙarasa da ƙafa. Me zai gani? Yagana a gindin tsamiya, a inuwar Nagge, an wanke ta an shafe ta da mai tana ƙyalli, mutane sun yi mata zobe. Dillalan da shekara da shekaru suke shafa kwanon Nagge suna cewa babu irinta, su ne yanzu ke leƙa sitiyarin Yagana suna cewa babu irinta. Samari suna jingina da ita ana ɗaukarsu hoto da waya. Babu wanda ya ga tsatsar da ke ƙasan ƙofa, babu wanda ya ga madubin hagu ɗaure da roba, babu wanda ya ji warin kashin kaji da har gobe bai fita daga kujerun ba. Alhaji kaɗai ya gani, kuma ya nuna wa duk wanda ya tsaya kusa da shi. Wani baƙo daga Gombe ya zo ya tambaye shi, wai ya ji an ce shi ma yana da irin ta Alhaji Babakura. Irin ta Babakura! A ranar ne, karo na farko tun da ya fara dillanci, Alhaji Sajo ya nuna wa mai saye bajimi ya kira shi karsana.

Ba a nan ta tsaya ba. Kowace safiya Yagana takan biyo ta ƙofar gidan Alhaji, ko da yake hanyarta ba ta nan take ba, ta rage gudu ta yi hon sau biyu. Sannan wata rana ruwa ya tare Hajiya Murjanatu a hanyar dawowa daga gidan suna, Babakura ya rage mata hanya tare da matan unguwa. Ta shigo gida tana karkaɗe mayafi, ta ce ba da wata manufa ba, "Wallahi Alhaji, motar ba ta girgiza ko kaɗan." Alhaji bai ci tuwon ranar ba. Ya ce cikinsa ne, kuma gaskiya ya faɗa, cikinsa ne ke ci da wuta. Yana kishi, kishi mai hana barci, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne duk yabon da ake yi wa waccan motar nasa ne, daga Ƙofar Ruwa aka kawo shi cikin kwali.

Washegari ya aika aka kira Mala, ya ce a tayar da Nagge ko ta halin ƙaƙa. Mala ya sosa ƙeya, ya cire mataccen akwatin, ya haɗa wayoyin kai tsaye. Ta tashi, amma muryar ba tata ba ce, ta yi kauri kamar ta mai mura. "Baba Alhaji, wannan haɗin na cikin gari ne," in ji Mala. "Masallaci, kasuwa, gida. In aka yi nisa ko aka matsa mata, zafi za ta yi." Alhaji ya ce ya ji.

Ranar Asabar wani dillali ɗan'uwansu da ya dawo daga aikin Hajji ya yi walima a Nangere. Babakura ya aiko cewa akwai wuri a kujerar gaba. Alhaji ya ce a gaya masa yana da mota. Ya sa farar babbar riga, ya goge Nagge da hannunsa, ya kama hanya a hankali kamar yadda Mala ya ce, gero kore shar dama da hagu. Da an bar shi haka da ya isa lafiya. Sai ga Yagana a madubi. Ta matso, ta jera da shi, Babakura ya leƙo yana ɗaga hannu, kuma a kansa, don neman magana, ɗaya daga cikin hulunan Alhaji ce. Ta wuce fuu, ta bar masa hayaƙi.

Shekara arba'in Yagana ba ta taɓa nuna wa Nagge bayanta ba. Alhaji ya taka totur har ƙasa. Marigayiya, baiwar Allah, ba ta taɓa yi masa musu ba, ranar ma ba ta yi ba. Ta yunƙura da duk abin da ya rage mata. Allurar zafi ta hau, ta shiga ja, Alhaji ya gani ya kau da kai, domin saura ƙiris ya kamo waccan. Sai ta fara cewa tak-tak-tak daga can cikin ƙirji. Sai lagireto ya ce fuuu, tururi ya rufe gilashi. Sai ta ce gaf. Ta gangara gefen hanya da kanta, ta tsaya daidai, ba ta taka ko karan gero ɗaya na mai gona ba.

Babakura ya dawo da baya. Ya fito, ya dubi tururin, ya cire hular daga kansa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Sajo." Rabon da ya kira shi da sunansa tun ranar jana'izar Ardo. Ya buɗe but ya ɗauko igiya, ya ce bari ya ja ta zuwa gida. Alhaji ya ce Nagge ba ta bin bayan kowa. Shanun huɗar mai gonar ne suka jawo ta har Ngojin, Alhaji yana tafe a gefenta da hannu a kan ƙofa, farar rigar ta koma kalar Yagana. Mala ya buɗe inji ya tarar fistin sun kama, kan inji ya tsage, ruwa da baƙin mai sun zama kunu. Ya rufe bonet a hankali ya ce sai haƙuri.

Ta rasu ta bar ubangidanta Alhaji Sajo, wanda yanzu yake tsayawa bakin titi yana ɗaga wa Keke hannu kamar kowa. Ta bar Hajiya Murjanatu, da Hussain wanda a kanta ya koyi tuƙi kuma har yau ba a gaya masa inda kwalinsa ya tafi ba. Ta bar Mala rewaya, da tayar sifiya wadda ba a taɓa buƙata ba, da makulli biyu, da wutsiyar saniya da ke rataye a madubi, da ɗigon baƙin mai a ƙasan rumfarta wanda Alhaji ya hana a share. Ta kuma bar 'yar'uwa guda, Yagana, wadda dangi suka so a cire sunanta daga wannan sanarwa, amma jini ba ya ƙarya.

An zauna karɓar gaisuwa a zauren Alhaji. Ana cikin haka sai ga Babakura, a ƙafa. Bai yi zagi ba, bai nemi fura ba. Ya durƙusa ya kwance wani hankici a kan tabarma, ga ɗan baƙin akwatin nan, wayoyinsa a cire. Ya ce, "Jama'a ku shaida, ni Babakura bawan Sajo ne. Ga kayan ubangidana na dawo da shi." Ya sha faɗin wannan magana yana ƙyaƙyata dariya. Wannan karon bai yi dariya ba, kuma babu wanda ya yi. Babakura da kansa ya sa Mala ya kwance akwatin, Yagana ta koma gindin maina, har kaji sun fara leƙe.

Alhaji ya ɗauki akwatin ya sa a aljihun gaba. Ba zai yi wa jama'a ƙarya a sanarwar mutuwa ba: ya ji sanyi a ransa. Ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Akwatin ba zai amfani Nagge da komai ba, injin da zai saurara ya riga ya tafi, amma dai ba ya jikin waccan, kuma a lokacin wannan ya ishe shi.

Sai gari ya waye, ya sake wayewa. Laraba ta zo. Alhaji yana zaune a zaure bayan ya karya, ga kukan babura, ga ƙarar Keke, ga tirelolin shanu suna nishi a babban titi, amma wani abu babu. Tun da Yagana ta tashi, kullum a daidai wannan lokacin yakan ji injinta daga layi na gaba, ya yi tsaki, ya tsine wa tsatsarta. Sai yau da ba shi da abin yi wa tsaki ya gane muryar wa yake ji duk kwanakin nan. Tagwaye ne. A duk faɗin Potiskum maƙogwaro biyu ne ke da wannan muryar, ɗaya ya mutu a hanyar Nangere, ɗayan kuma yana cikin aljihunsa. Hajiya Murjanatu ta zo ɗaukar kwanuka ta same shi ya karkata kai wajen katanga.

"Alhaji, me kake saurare?"

"Ba komai."

"To ai ba komai ɗin ma ya yi shiru."

Kafin azahar ya kira Mala ya damƙa masa akwatin. Ya ce a kai wa Babakura, a kuma gaya masa da kyau kada ya yi kuskuren fahimta: wannan ba kyauta ba ce, ba kuma sulhu ba ne. Sadakar mamaciya ce, sadaka kuwa mabukaci ake ba, kuma an duba unguwar kaf ba a sami wanda ya kai Babarbare bukata ba. Babakura ya aiko da amsa cewa ya karɓa, Allah Ya kai ladan kabarinta, kuma igiyarsa tana nan a but.

Saboda haka ga yadda aka tsara rakiyar marigayiya. Liman ya ce babu salla babu likkafani, a ji tsoron Allah, amma bai hana rakiya ba. Za a tashi daga ƙofar gidan Alhaji da ke Ngojin ranar Lahadi bayan la'asar, a kai ta rugar iyalinsa da ke bayan gari, inda za ta kwanta a cikin shanu. Ana sanar da 'yan gwangwan kada su wahalar da kansu, ba a sayarwa. Ana kuma sanar da duk mai motar da ta yi kama da ita cewa ba za a raba gado ba, ko ƙusa ɗaya ba za ta fita daga jikinta ba, kuma Mala ba zai je rugar shi kaɗai ba.

Yagana ce za ta ja ta. Alhaji ya yarda da haka ne kawai don shanun huɗa suna da aiki a gona. Shi zai zauna a sitiyarin marigayiya, hannu biyu, gilashi a sauke duka. Babakura ya kawo shawarar a bi gajeriyar hanya, Alhaji ya ce a'a, a bi ta tasha, a zaga shataletale, a shiga ta ƙofar Kasuwar Shanu a fita ta ɗaya ƙofar, kuma a tafi a hankali, babu mai sauri. An hana hon. An hana ɗaukar hoton motar gaba. Duk mai son yabon lafiyar inji ya riƙe yabonsa har ya koma gida.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya mayar da alheri, Ya raba mu da sharar Barebari. Masu rakiya kuma, idan kun ga idon Alhaji ya yi ja yana zubar da ruwa a hanya, kada kowa ya matso da ban haƙuri. Hayaƙin motar Babakura ne, tun tana yarinya take cin baƙin mai.